Tashar da Inna Ba Ta Kallo

Ƙanena Musaddiq ba ya iya ganin abu a hargitse ya ɗauke kai. Ko masallaci ya je, sai ya tsaya jera takalman mutane kafin ya shiga sahu. To irin wannan mutumin ne ya zo hutu daga Kaduna, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke falonmu a Daura, ya buɗe jerin tashoshi, ya ga abin da ya kira tarkace.

Kwamfutar ta marigayi Babanmu ce, Malam Audi dillalin shanu, wanda bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya da ita ba. An sa mata wata 'yar na'ura, aka jona ta da kwanon setalayit da ke kan soro, ta zama talabijin ɗin gida. Jerin yana nuna duk tashar da kwanon ya kamo, da wadda muke biya da wadda ba ma biya, kuma waɗanda ba ma biya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ka danna, fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin. Kafin ka kai tashar wa'azi ko ta labarai sai yatsanka ya gaji. Mu dai mun saba, ba ma ko lura da su.

A cikin baƙaƙen nan akwai guda da ba irinsu ba ce. Wata 'yar ƙaramar tasha ce ta Damagaram, kyauta take, sai dai ba ta buɗewa sai bayan la'asar. Da rana baƙa ce kamar sauran. Ran Alhamis kuwa, babban yayanmu Mahdi ne ke fitowa a cikinta yana karanta labarin kasuwannin dabbobi da Hausa.

Yaya Mahdi shi ne ɗan farin Inna. Tun yaye Baffa Yelwa ya ɗauke shi ya tsallaka da shi Nijar, can ya girma, can ya yi aure. Inna kuwa 'yar rugar Mashi ce, irin matan da, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "na Damagaram". In ya zo gida ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo tana amsawa, daga nan ta faɗa kicin sai ya bar tsakar gida. Na taɓa miƙa mata waya yana ciki muna ganin juna, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce tukunyarta na ƙonewa, alhali ko wuta ba a hura ba.

Amma duk Alhamis, da an sallame la'asar, sai ta shigo falo da faifan gyaɗa ta ce ɗakinta zafi. Ni kuma in yi ta danne-danne kamar ina neman wani abu, in tsaya a tashar kamar hannuna ne ya gaji. Haka Baba yake yi kafin ya rasu, daga wurinsa na gani na ɗauka, kuma ni da ita ba mu taɓa yin zancen ba. Takan zauna a gefe, hannu na ɓara, ido na kan ɗanta. A nan kaɗai take iya kallonsa ta ƙoshi, don shi ba ya ganin ta.

Abin da ke cin raina shi ne idon nata. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama, likita ya gaya mini a keɓe cewa hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa jan lokaci kawai yake yi. Ga shi an rufe iyaka tun da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, Kongolam, garin bakin iyaka da ke nan kusa, ta zama kamar bangon duniya. Don haka kowace Alhamis tsada gare ta a wurina.

Ranar da abin ya faru na je karɓo mata magani. Na dawo na tarar da Musaddiq yana washe baki kamar wanda ya ci gasa.

"Yaya Murja, zo ki ga aiki. Duk matattun tashoshin nan na share su. Yanzu abin da muke biya kawai za ki gani."

Na karɓi rimot, na bi jerin daga sama har ƙasa. Ya yi tsaf, kam. Sai dai babu wadda nake nema.

"Ina ta Damagaram?"

"Wacce? Mai sunan Faransancin nan? Ai baƙa ce, ba ta nuna komai."

"Da rana ka duba, sarkin tsabta! Ita ce ta Yaya Mahdi."

Ya yi turus, sannan ya shiga kare kansa. Wai shi bai yi gaban kansa ba, sai da ya tambayi Inna. Ya kira ta falo, ya nuna mata da yatsa, ya ce, "Inna, ga wata nan ta Nijar, kina kallon ta ko in goge?" Ita kuma ta ce, "Ni ina ruwana da ita? Me zan kalla a ciki?"

Na rasa ko in mare shi ko in yi kuka. To me za ta ce? Ta dubi autanta ta ce e, ɗan farina nake leƙe? Da ta faɗi haka gara ƙasa ta tsage ta shige. Amma ina Musaddiq zai gane? Shi auta ne, a cinya ya girma, har gobe in ya zo ita ke zaɓar masa tsokar nama tana kiran sunansa gari ya ji. Shi a saninsa, in uwa na son abu faɗi take yi.

Ya ce in kwantar da hankalina, abu ne mai sauƙi, zai sa kwamfutar ta sake lalubo tashoshi. Ya sa. Duk tarkacen da ya share suka dawo reras, har da sababbi, ban da ita. Ya jira yamma ya sake, shiru. Sai na tuna Baba wani mutumin Kongolam ya ɗauko, ya zauna ya shigar da lambobinta da hannu, don ba ta kamuwa da kanta. Muka aika neman mutumin, aka ce ya yi arewa tun bara, ba wanda ya san inda yake.

Alhamis ta zo. Inna ta shigo da faifanta ta zauna inda ta saba. Na yi ta danne-danne, wannan karon na gaskiya. Na bar mata wani shirin girki. Ba ta tambaya ba, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ɓare gyaɗarta tas har aka kira magariba, ta miƙe ta ce, "Yau falon ma da zafi." Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Hanya ɗaya ta rage, a samo lambobin daga gidan talabijin ɗin, wato daga bakin Yaya Mahdi. Na zaunar da Musaddiq na ja masa kunne.

"Ka ce kai ke so, ko ka ce ni. Kada ka kuskura sunan Inna ya fito."

"Haba Yaya, uwa da ɗanta? Mene ne abin ɓoyo a nan? Bawan Allah nan fa yana zaton ba ta damu da shi ba."

"Ya san abin da ya sani. Kai dai lambobi aka aike ka."

Ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai ciki ba.

Samun Yaya Mahdi ma ya zama aiki. Lokacin wuta ta yi musu wuya a can, waya sai ta kwana biyu a mace. In an same shi, ya ce mai kula da na'urorinsu ba ya nan. Hutun Musaddiq ya ƙare ya koma Kaduna. Inna ba ta fasa shigowa ran Alhamis ba, ta zauna gaban abin da ba shi ta zo gani ba. A makonnin nan ne ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta yi shekaru tana shara. Wata safiya na ga tana zuba koko a gefen kofi, yana malala a tabarma, ba ta sani ba.

Ana nan sai ga Musaddiq wata Laraba, afujajan, ya ce ya samo. Ya zauna ya shigar da su. Na tambaye shi me ya ce wa Yaya, ya ce, "An dai samu, ba shi ke nan ba?" Bai yarda mun haɗa ido ba. Na so in matsa, murna ta hana ni.

Washegari bayan la'asar hoto ya fito tar. Ga Yaya Mahdi cikin shuɗiyar riga, yana bayanin yadda raguna suka yi kwantai saboda rufe iyaka. Inna ta ja kujerarta gaba, ta sake ja, har gwiwarta na taɓa teburin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta karkata kai don ta ba idon dama hanya. Hannunta ya tsaya cak. Ni da Musaddiq muka yi kamar ba ma ɗakin.

Da ya gama, maimakon ya yi sallama yadda ya saba, sai ya gyara zama ya dubo mu sosai.

"Kafin mu rabu, ina da gaisuwa ta musamman zuwa Daura, wurin mahaifiyata. An gaya mini ba ta taɓa fashin shirin nan ba, ni ban sani ba sai kwanan nan. Inna, na san kina kallona yanzu. Ina gaishe ki. Allah ya ba ki lafiyar ido."

 Musaddiq na share hawaye yana murmushi, shi a dole ya haɗa uwa da ɗa. Ni kuwa na juya na dubi Inna.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Daga cikin mayafin ta yi magana.

"Wa ya gaya masa?"

"Ni ne, Inna," in ji Musaddiq. "Wallahi ba ki ga daɗin da ya ji ba. Kuka ya yi ta yi."

Ta dafa teburin ta miƙe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Da ni ke kallonsa," ta ce. "Yanzu shi ke kallona, shi da duk mai kwano a kan soro."

Ba ta sake shiga falo ran Alhamis ba. Na roƙe ta ta kowace hanya da ba sai na ambaci abin ba, na ce ɗakinta zafi, na ce ta zo ta taya ni hira. Sai ta ce ta gode, nan ma ya ishe ta. Kafin azumi idon daman ya rufe.

Da aka buɗe iyaka, Yaya Mahdi ya zo gaisuwar sallah. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta san ta ina yake ba, ballantana ta juya masa baya, sai ga fuskarta ta yi daidai da tasa, ido buɗe, tana amsa gaisuwarsa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon ta. Bayan ya fita zaure, ta lalubo hannuna ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Murjanatu, na Damagaram ya fara furfura?"

Na ce e, kaɗan, a gemu.