Inda Mama Asibi Ta Zauna

"Cire mini! Cire mini abin nan!"

Ihun Baba Jethro ke nan. Na yar da sifana na haura katanga, don garejina na gyaran babura jingine yake da ɗakinsa. Na tarar da shi a gado yana ƙoƙarin fizge na'urar ji daga kunnensa, 'yarsa Jemima, nas ce a Kaduna, ta riƙe masa hannu.

"Baba, ba irin waccan ba ce. Ka yi haƙuri minti biyar."

Tsohuwar na'urarsa komai ƙara masa take, zakara, turmi, babur. Shi kuwa tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Kusasu shekara uku da suka wuce, ya tsani ƙarar babur. Sai ya jefa na'urar a kwandon shara ya zauna da kurumtarsa. Ni kuma sana'ata tara masa babura a ƙofar gida. Wallahi abin yana damuna, amma a nan nake ci.

Jemima ta nuna mini sabuwar. Kowane kunne da makirufo biyu, ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Ƙarar da ta fito daga gefe takan riga isa ɗaya kafin ɗaya, da haka take gane inda ƙarar take, ta danne ta. In babur ya matsa, ta bi shi. Muryar wanda ke gabansa take bari."

Na ce, "Abu kamar wake zai bi babur? Haba likita!"

"Malam Labaran, je ka tayar da ɗaya mu gani."

Na hau wani mai fasasshiyar salansa, na yi sama da ƙasa a layin har sau huɗu. Da na dawo, Baba na kwance lafiya lau, Jemima a gabansa tana tambayarsa ko zai sha kunu. Na yi masa sannu, ya dube ni ya ce, "Kai Labaran, ashe muryarka ba daɗi haka?" Na yi dariya har da hawaye.

Amma ba don kunu aka kawo na'urar ba. A asibiti an ce zuciyarsa ta gaji, a kai shi gida kawai. Matarsa, Mama Asibi, kuwa tana da maganar da ta daɗe tana cin ta, ta taɓa gaya wa matata. Ranar harin ita ta ji baburan, shi yana gona bai ji ba. Ta kwashi jikoki uku ta yi daji, ba ta je ta gaya masa ba. Shi kuwa sai bayan kwana biyu aka gan shi. Tana so ta nemi gafararsa kafin ya tafi. Ba ta iya rubutu ba, kuma wannan ba maganar da za a kwarma wa kurma a kunne duk layi na ji ba ce.

Jemima ta koma aiki da yamma, za ta dawo Asabar. Washegari ranar kasuwa, 'yan acaba sun cika hanya, sai ga Mama a garejina, ido jawur.

"Bai yafe ba, Labaran. Sau uku ina faɗa. Ko juyowa bai yi ba."

Na ajiye aikina. Na bi ta. Ina tsayawa a ƙafar gado na gaishe shi, ya amsa sarai. To, ba batir ba ne. Na ce, "Mama, a ina kika zauna?"

Ta nuna mini. Can wajen kansa, ta gefe, ta durƙusa, kai a sunkuye. Haka take masa magana shekara arba'in da shida.

"Kai, Mama! Ai na'urar ta ɗauke ki babur ne, ta danne ki."

"Babur kuma?"

Na jawo kujerar tsuguno na dasa a gabansa. "Nan za ki zauna. Ki ɗaga kai, ki dube shi."

"Ni? In zuba wa Baban Jemima ido? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"To ki zaɓa, Mama. Kunya ko maganarki. Numfashin nan nasa ba na mako ba ne."

Na san na yi kaushin baki, amma ta zauna. Na fita na tsaya bakin ƙofa. Babura na ta wucewa. Muryarta ban ji ba ko kaɗan, tasa kuwa har titi, kun san kurma da ɗaga murya.

"Wannan ce ta hana ki cin abinci? Asibi! Ni da na hango hayaƙi, addu'ata ɗaya, Allah ya sa kin gudu da yaran. Da kin zo nemana da na yi fushi."

Can sai na sake jin muryarsa.

"To na yafe, tun da kina so ki ji. Ke ma ki yafe mini. Sake cewa wani abu mana, na daɗe ban ji ki ba."

Na sauke ajiyar zuciya, na koma gareji jikina sakayau. Ranar ko cacar baki ban yi da kowa ba.

Ya cika ranar Lahadi da hantsi, ana waƙa a coci, Jemima na riƙe da ƙafarsa. Na shiga yi musu gaisuwa kafin mutane su taru. Mama ba ta kuka. Tana zaune a gabansa tana kallon fuskarsa.

"Labaran," ta ce, "yaushe girarsa ta yi fari haka?"

Ta sa babban yatsa tana kwantar masa da gashin girar a hankali, ta dama, sannan ta hagu.