Kada Ka Tashi

Kafinta yana cikin zare ƙusar ƙarshe daga ƙofar Mai Agogo sa'ad da Malama ta fito shanya. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu. Ta koyar da yara har ta yi ritaya, ta ga abubuwa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin an cire wa mutum ƙofa yana zaune a ciki ba. Kafintan ya ƙi haɗa ido da ita. Ya ce shi ɗan aike ne, mai gidan hayar yana so ya mayar da ɗakunan gaba shaguna, tsohon kuma ya ƙi fita.

"Ka dai bar mana labulen," in ji Mai Agogo daga kan gado, yana tari. Matarsa Goggo, wadda idanunta suka mutu tun bara, ta tambayi me ya sa iska ta yi yawa.

Washegari Malama ta tafi ofishin da aka ce ana ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Rabin abin da ya kai ta tausayi ne, rabi kuwa so take ta ga ko da gaske akwai lauyan da ba a biya. Ashe akwai. Wata yarinya ce siririya, takalminta duk ya cinye ta gefe ɗaya. Ta biyo Malama gida, ta ɗauki hoton bakin ɗakin da wayarta, ta durƙusa ta gaishe su. Ta bayyana musu cewa ba mai ikon fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu.

"Baba, ko me za su yi, kada ka tashi sai alƙali ya ce ka tashi."

"'Yata, ai ko ke kika ce in tashi, ƙafafun nan ba za su yarda ba."

Aka yi dariya. Sannan ya tambaye ta abu ɗaya: idan ba shi, ƙarar ta mutu ke nan? Lauyar ta dube shi, ta dubi Goggo, ta ce za ta sa sunan su biyu.

Sanyi ya riƙa shiga ɗakin yadda ya ga dama, tarin ya sauka ƙirji. Aka yi, aka yi ya je asibiti, ya ƙi. Nan da nan maƙwabta suka yanke hukunci a bakin famfo: lauya ta ruɗa tsoho, ya ɗauka daga gado aka hana shi tashi. Malama ba ta gamsu ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kwance agogo yana mayarwa ba tare da ya ɓatar da ko ƙwayar ƙusa ba, shi ne kalma ɗaya za ta ruɗa? Ta ɗauki kujerarta ta shiga ta tambaye shi.

"Malama, in aka kwantar da ni, wa zai yi jinyata?"

"Goggo za ta so ta zauna kusa da kai."

"To wa zai zauna a nan?"

Ya tuna mata mai gugan kaya da ke ɗakin kusa a da, wanda ya je duba mahaifiyarsa, ya dawo ya tarar da katifarsa a titi. Malama ta ce ita za ta zauna musu. Ya ce ita ma a ƙarƙashin mai gidan take, ba zai jawo mata ba. Ta kira lauyar a waya, ta sa masa a kunne. Lauyar ta rantse masa doka ba ta hana shi zuwa asibiti ba, ɗaki nasa ne ko yana ciki ko ba ya ciki.

"Doka ta sani," ya ce. "Mai gidan ya sani?"

Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya: ranar da ƙofa ta dawo, zai bi su asibiti ba gardama.

Ranar da kotu ta ba da umarni a mayar da ƙofar, kada kuma a taɓa kowa a ɗakin har a gama shari'a, lauyar ta iso da rana tsaka, kafintan nan yana biye da ita da ƙofa a ka. Suka tarar da tabarmi a tsakar gida, mutane zazzaune. Tun da hantsi Mai Agogo ya cika.

Kafintan ya rasa inda zai sa kansa. Malama ta ce ya jingine ƙofar da bango tukuna, makara za ta fi samun hanya haka. Ya jingine, ya cire hularsa, sannan ya mayar.

Bayan an fita da gawar, lauyar ta matso kusa da Malama, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mama, maganata ce ta jawo?"

Malama ta san amsar da ake bayarwa a gidan rasuwa. Ta juya ta a baki, ta ga ba ta yarda da ita ba.

"Ya fahimce ki sarai, 'yata. Sauran kuwa, ni ma tun safe nake tambayar kaina."

Kafintan ya buga ƙusoshinsa a hankali, kamar mai tsoron tayar da wani. Da ya gama, Goggo ta miƙe tana lalube, ta shafa katakon daga sama har ƙasa, ta gano tsohon tsagin da ke kusa da mariƙi, ta ce ita ce. Ta tura ta, ta sa sakata daga ciki.

Malama ta daɗe tsaye a wurin. Ta bayan ƙofar ana jin agogunan mutane da ba su zo karɓa ba, kowanne yana tafiya da lokacinsa.