Tsinken Gwaji

Ranar Laraba ce ɗan wan matar Malam ya tsoma tsinken gwaji a fitsarinta, ya zare, ya jefa a kwandon shara ko dubawa bai yi ba.

Malam yana zaune a benci yana kallo. Shi kuwa gogan ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana ƙyaƙyata wa wata dariya. Duk dangi Likita suke ce masa, alhali aikinsa awon fitsari da jini ne a wani ɗan ɗaki bayan asibiti.

"Gwaggo, ai kin fi ni lafiya. Gajiya ce. Ki rage gishiri, ki rage yi wa Baba faɗa."

Ta ce, "Ja'iri kawai," ta gyara mayafi. Malam kuwa, tsohon malamin tarihi, me ya sani game da fitsari?

Sai bayan an binne ta ya sani. Ya karance duk abin da ya samu a kan ciwon ƙodar da ya kashe ta, har ya gano cewa tsinken nan ɗan jira yake so kafin launinsa ya juya. Ya kuma gano ciwon yana bin jini.

Likita bai daina zuwa gaisuwa ba, duk mako da ledar lemo. Wata rana da ya cire takalmi a bakin ƙofa, Malam ya ga shatin igiyar takalmin ya nutse a naman ƙafarsa. Ya ɗaga ido ya ga fuskar ta yi suntum.

"Baba, kwanan nan takalma matse ni suke. Ko dai in gwada kaina?"

"Kai da kake gwada duniya? Tsayuwa ce ta yi maka yawa. Ga shi matarka ta iya girki."

Likita ya yi dariya, ya ce shi ma haka ya zata. Malam ya ɓare lemo ya miƙa masa rabi. Ya daɗe bai sha mai zaƙinsa ba.

Da labari ya zo an ɗora Likita a injin wankin ƙoda, Malam bai yi gaggawa ba. So yake ciwon ya zauna masa sosai tukuna, yadda zai ji maganar da zai faɗa masa har ƙashi. Ranar da ya shirya, ya goge rigarsa da kansa, ya tafi yana maimaita kalmomin a hanya.

Matar Likita ta tare shi a baranda, idonta jajur.

"Baba, tun safe ba ya gane kowa. Jiya kuwa sai kiranka yake."

Ya shiga, ya ja kujera. Jini na zagayawa a cikin roba, idanun Likita a buɗe, ba kowa a cikinsu. Ya sunkuya daidai kunnen, sai ya fasa. Amfanin me? Abin da ya zo faɗa ba shi da yawa: na gan ka ranar nan, ba ka duba ba.