Ranar da Ciɗo Ya Roƙi Ƙwannafi

Ciɗo na sallame sallar azahar a bakin hanyar Badagishiri, Mushe Garba ya taɓa kafaɗarsa.

"Biyo ni bayan kamiyo. Kai ɗai."

Su tara ne gwamnati ta ɗauko daga Tawa, aka kai su Kano cikin kamiyo, babbar motar kaya, bajen kolin sana'o'i: dukawa, maƙera, masaƙa, da shi Ciɗo mai kilishi. Mushe Garba, akawun ofishin kumandan, shi ne jagora, shi kuma ke rubuta rahoton tafiyar. A wannan shekara ta 1965 ba a wasa da rahoto. Kano cike take da mutanen ƙasarsu da suka gudu bayan an hana jam'iyyarsu, kuma wanda aka ce ya gaisa da ɗayansu, jandarma ne ke tarbarsa a gida.

Garba ya zauna kan dutse, ya buɗe kaye, littafinsa na rahoto, bisa gwiwa.

"Kwana shida muka yi Kano. Sau goma sha ɗaya an aje akushi ba ka wurin. Ina kake zuwa?"

"Shan iska, ranka shi daɗe."

"Iskar Kano lokacin abinci kawai take busowa?"

Ciɗo ya dubi ƙasa. Shekara biyu ke nan ƙwannafi na cinsa. Da ya ci abu mai yaji ko mai, sai wuta ta taso daga cikinsa har maƙogwaro, ruwa mai tsami ya cika masa baki. Lokotoron asibiti ya hana shi tonka, da soye, da tsami, da goro. Matarsa Jummai kaɗai ta sani. Kilishinsa ake saye har Agadas saboda zafin labun yajin da yake shafa masa, Sarkin Yaji ake kiransa a kasuwa. Ran da mahautan Tawa suka ji cewa yajinsa ya ƙone nasa cikin, wa zai ƙara tsayawa rumfarsa?

Ya shirya wa tafiyar. Jummai ta ƙulle masa garin gero da 'yar kanwa a tsumma. Ran da suka sauka, ya lallaɓa wurin matar da ke dafa musu abinci a masauki, ya raɗa mata, "Inna, nawa kada a sa tonka." Ta ce to. Miya ta zo ja wur. Da ya koma da hawaye a ido, ta rantse ba ta sa masa wata tonka ba, barkono kawai ta sa kamar na kowa. Ashe tonkar Tawa ita ce barkonon Kano. Daga ranar ya daina dogara da bakin Kano. Ya sami wata tsohuwa a wani lungu bayan masauki mai dama kunun kanwa, can yake ɓuya ya ba ta garinsa ta dama ya sha, ya goge baki ya dawo.

"Alhusaini baduku ya ga ka shiga lungu," in ji Garba. "Ya ga ka kwance wani ƙulli, ka miƙa ma wata mata. Mi ke ciki?"

Ashe Alhusaini ne. Shi da ke ta tura masa akushi yana cewa, "Ci mana, Sarki, ko ka ƙoshi wani wuri?" Ciɗo ya leƙa ta ƙarƙashin kamiyon. Ga ƙafafun sauran can a inuwa, babu mai motsi, babu mai magana. Kunnuwansu duk suna nan.

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙullin. Garba ya ɗan ja baya. Ya kwance da bakin alƙalami, ya shinshina.

"Kanwa."

"Da sauran gari. Ƙwannafi gare ni, Mushe." Ya rage murya har shi kansa da ƙyar yake ji. "Ban iya cin yaji. Don Allah shi tsaya tsakaninmu."

Garba ya ɗago ya dube shi. Sai ya yi dariya, gajeriya, ba ta nishaɗi ba.

"Kai? Ciɗo? Bara na ci kilishinka, kwana biyu ina tuna ka a bayan gida. Su can 'yan jam'iyyar ba su koya maka ƙaryar da ta ɗara wagga ba?"

"Wallahi tallahi."

"Kowa na rantsuwa. Lokotoro ya ba ka takarda?"

Lokotoro kam ya ba shi. Ciɗo da kansa ya jefa ta a wuta don kada yaran gida masu zuwa lakwal, makarantar boko, su karanta.

Garba ya rufe kayen, ya miƙe, ya ɗaga murya. "Alhusaini! Kawo ragowar kilishin baje koli."

Aka kawo a nannaɗe cikin takarda. Garba ya zaɓi falle mafi ja, wanda labu ya yi wa kauri, ya miƙa.

"Ni ba lokotoro ba ne, amma ubana ya yi ciwon nan, na san kamarsa. Ci duka. Ka zauna gaba, kusa da ni. In na ga abin da idona kamin mu shiga Tawa, in rubuta ciwo. In ban gani ba, in rubuta lungu."

Sauran sun riga sun zagayo. Ciɗo ya dubi fuskokinsu ɗaya ɗaya. Ko ya tsira daga jandarma, gobe da hantsi labarin na kasuwa. Ya yi bisimilla ya gatsa.

Shekara biyu rabonsa da shi. Citta, masoro, kanumfari, tonkar da ya daka da hannunsa. Kai, ashe haka yake da daɗi. Ya cinye har ya lashe yatsu, Alhusaini na cewa, "Ku gani, ko tari bai yi ba."

Kamiyo ya tashi. Jajayen duwatsun Adar suna wucewa, Garba na gefensa da kaye a cinya, yana dubansa yana duban agogo. Ciɗo ya saurari cikinsa. Shiru. Ya zame a kujera don abin ya taso, ya matse ɗamara, ya haɗiyi iska. A Kano loma ɗaya ta isa ta hana shi sukuni. Yau ko gyatsa.

Da rufin kwanon ofishin kumandan ya fara ƙyalli daga nesa, Garba ya cire murfin alƙalami. Ciɗo ya dafe ƙirji, ya rufe ido, leɓunansa na motsi.

"Ya fara?" in ji Garba.

Ciɗo ya san da ya ce i, ya yi nishi biyu, ƙila a yarda. Ya ƙara saurara.

"Tukuna," ya ce. "Ce ma direba shi rage gudu."