Gorar da Ke Bayan Katakai

Kafinta yana cikin goge ƙafar kujera aka kira shi daga makarantar su Auta, ƙaramar 'yarsa mai shekara goma sha biyar. Shugabar makarantar ce da kanta, ta ce ya zo yanzu-yanzu. Ko garin katakon da ke kansa bai kakkaɓe ba ya hau babur.

A ofis ya tarar da 'yan mata uku a kan benci, kowacce kai a sunkuye. Auta ce a tsakiya, ido jajir, gaban rigarta a jiƙe inda aka wanke amai. Uwar ɗaya daga cikinsu, wata nas, tana tsaye bakin taga da kayan aiki a jikinta.

"Mai gadi ne ya tsince su a bayan aji lokacin hutu," in ji shugabar. "Giya suka sha."

Kafinta ya ji kansa ya ɗau zafi. Dama mutum ne mai murya.

"Wane marar tsoron Allah ne ke sayar wa yara wannan abu? A nuna min shagonsa! Wallahi yau sai ya kwana a hannun hukuma!"

"Abin da nake faɗa ke nan," in ji nas.

Shugabar ta jawo aljihun tebur ta fito da wata gorar ruwa ta roba, murfinta da ɗigon shuɗin fenti, wuyanta naɗe da baƙin tef. Nan take kafinta ya gane ta. Shi ya naɗa tef ɗin da hannunsa. Shekara huɗu yana ɓoye gorar nan a bayan katakai a shagonsa, ya kurɓa da rana, ya bi da alewa, a zatonsa daga shi sai Allah.

"Tun ɗazu muke fama, sun ƙi faɗin inda suka samo," in ji shugabar. "In ba su faɗa ba, kora ce."

Auta ba ta ɗago ba, yatsun ƙafarta kawai take kallo. Nan ya gane asirinsa take rufawa.

"Tawa ce, Malama," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

Nas ta dube shi daga sama har ƙasa. "Au, kai ne mai neman shago?" Ta ja hannun 'yarta suka fita. Da marinsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Aka dakatar da yaran mako biyu. A hanyar gida ya kasa hawa babur ɗin, turawa yake Auta na biye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina firamare, Baba. Umma ma ta sani. Ita ta ce kada mu nuna maka."

"To me ya kai ki?"

"Ranar da ka sha ne kawai kake wasa da mu. Na so in ji abin da ke ciki."

Haka suka ƙarasa gida. Matarsa tana shanya, ta dubi yarinyar, ta dube shi, ta ce, "Akwai wasu goruna biyu a akwatin kayan aikinka."

Da la'asar ya fito da su ya tuttule a kwatar gaban shago. Wari ya tashi, tela maƙwabcinsa ya leƙo yana toshe hanci.

"Maƙwabci, wane irin fenti ne wannan?"

"Ba fenti ba ne," in ji kafinta, ya faɗa masa gaskiya.

Daga nan ya kulle shago, ya wanke fuska, ya nufi gidan yarinya ta uku, wadda mahaifinta bai ji labari ba tukuna. Sau biyu yana wuce ƙofar kafin ya iya yin sallama.