Farin Cikin Waya

Tun ranar da shagon ɗinkin yayarsa ya ƙone, mai haɗa wuta ya rasa sunansa. Shi ya ja wa shagon waya da hannunsa, don haka unguwa ta laƙaba masa Gobara. Ko ƙwan fitila ne ya mutu, gara mutum ya zauna a duhu da ya kira shi. Yaya ba ta taɓa ce masa uffan ba. Matar da ke da kekunan ɗinki jere ta koma ɗinki da allura a tsakar gida, kuma shirunta ya fi zagi ci masa rai.

A cikin tokar shagon ya tsinci guntun wayar. Da ya kankare ta da wuƙa, sai jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya kamar jan baki. Wayar kirki jan ƙarfe ce har zuciya. Wannan kuwa, ga ta siririya, da dutsen guga ya ja wuta sai ta yi zafi, ta saki a mahaɗa, ta fara tartsatsi.

Ya kai wa mai sayar da wayar, abokinsa tun na ƙuruciya. Mutumin ya kalli guntun, ya kalli masu ciniki, ya yi dariya.

"Wannan ba kayana ba ne. Je ka koyi aiki, Gobara."

Ya haɗiye, ya fita. Bai yafe ba, kuma ba shi da niyyar yafewa.

Ana nan sai surukin mai waya, wani dattijo mai faɗa a ji, ya fara gina gida. Wata safiya mai haɗa wuta ya ga lebura ya sauko da naɗin waya daga motar abokin nasa, yana lilo da shi a yatsa kamar ledar burodi. Jan ƙarfe ba ya ɗaukuwa haka. Ashe marar kunyar har uban matarsa bai ƙyale ba!

Da mutumin kirki ne, a take zai faɗa. Shi kuwa ya yi gum. Ya bari aka zura wayar cikin bututu, aka yi filasta, aka yi fenti mai ruwan madara. Kullum sai ya bi ta wurin ya ce wa magina sannu da aiki, ransa fes.

Ranar da za a kunna wuta dattijo ya tara dangi. Mai waya na gefe cikin babbar riga, kai a sunkuye, wai shi mai kunyar suruki. Sai ga mai haɗa wuta ya yi sallama, ya durƙusa.

"Baba, na zo taya ku farin ciki."

"Madalla, ɗana."

"Amma kafin a kunna, bari in nuna maka shi."

Ya kwance murfin makunnin da ke bango, ya jawo bakin wayar, ya kankare ta a hankali yadda kowa zai gani.

"Ga farin cikin nan, Baba. Irinsa ne ya cinye shagon Yaya."

Dattijo ya daɗe yana duban wayar, sannan ya juya ga mijin 'yarsa.

"Ka san a ɗakin nan uwar matarka za ta riƙa kwana? Da 'ya'yanka in sun zo hutu?"

"Baba, wallahi daga kamfani ne aka..."

"A naka gidan wace iri ka sa?"

Gumi ya jiƙa wuyan babbar rigar mai waya. Daɗi ya ratsa mai haɗa wuta har tafin ƙafa, bai kuma ɓoye ba. Ya mayar da wuƙarsa aljihu ya nufi ƙofa, yana ɗokin kai wa Yaya labari.

"Kai, Gobara!" in ji dattijo.

Mai haɗa wuta ya waiwaya, don ya saba.

"Ba da kai nake ba, ɗana," in ji dattijo, idonsa a kan mijin 'yarsa.