Sunan Waldemar a Ƙarƙashin Kwal

Waldemar ya rubuta sunansa da alli a bangon ɗakin kwal ranar uku ga Satumba. A gabana ya rubuta.

Shi ne shugaban ƙungiyar mazauna gidanmu, bene mai hawa huɗu, iyali ashirin da huɗu. Ni ke kula da tukunyar da ke ɗumama gidan duka. Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan. Aji huɗu na yi a makaranta, amma ba wanda ya taɓa rawar ɗari a hannuna.

Ni na ce a sayi na'urar. Ɗan akwati ne da ake kafawa a bango ta waje. Yana jin sanyin gari, sai ya sa tukunya ta ƙara wuta ko ta rage. Hanci nake ce masa. Na gan shi a gidan surukina a garin Lomza. Kuɗinsa ya kai na kwal tan bakwai. Dalilina ɗaya ne. Duk ranar da rana ta ɗan leƙo, sai zafi ya yi wa mutane yawa, su bubbuɗe tagogi. Ina tsayawa a tsakar gida ina ƙirga su. Ta nan kwal ɗina ke fita.

Aka kaɗa ƙuri'a, aka saya. Waldemar bai so ba. Kafin motar kwal ta zo ya sauko ɗakin ƙasa da takalminsa mai sheƙi. Ya nemi layin da na ja a bango, inda tulin kwal ya tsaya ranar bikin Ista ta bara, ƙarshen lokacin sanyi. Ya durƙusa ya rubuta sunansa da tazarar taƙi biyu sama da layin.

Ya kira ni da Pan, wato Malam a bakinmu, ya ce, "Pan Bronislaw, ga shi nan. In Ista ta zo kwal na rufe da sunana, abin wasanka ya zauna. In kuwa na ga sunana, shi da kai duk za ku bar ɗakin nan."

Na ce, "Shugaba, ka ɓata wandonka."

Washegari aka sauke tan talatin a kan sunan.

Wanda ya zo kafa hancin sauri yake yi, wayar haɗin da ya kawo kuma gajera. Ya kafa shi a bangon gabas, hawa na biyu. Ya miƙo mini littafi mai kauri. Na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur.

Oktoba lafiya. Nuwamba lafiya. Da Disamba ta kama sai abu ya lalace. Kullum da safe, wajen bakwai da rabi, bututun ɗakuna su huce. Masu shirin fita aiki su yi ta buga mini ƙarfe da cokali daga sama. Waldemar ya sauko ya ba ni umarni in kashe hancin in buɗe wuta gaba ɗaya. In buɗe. Kafin tsakar rana tagogi goma sha biyu a buɗe. Kwal na zubewa kamar ana sace shi.

"Hancin naka mura yake yi," in ji Waldemar. "A kai shi asibiti ne, ko a kai ka?"

Abin ya ci mini rai. Matata Halina ta ajiye mini miyar kabeji, na bari ta yi sanyi. Ta ce, "Je ka duba abin da idonka mana. Kana zaune a rami kana zargin abin da ke sama."

Ranar Litinin na bar tukunya, na fita tsakar gida da bakwai. Sanyi na cizon kunne, dusar ƙanƙara har gwiwa. Na tsaya ina kallon akwatin. Da bakwai da kwata taga ta buɗe a bisansa. Pani Genowefa, wato Malama Genowefa, wadda mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ta turo ƙaton bargonta na gashin tsuntsun dinya, ta rataye shi a bakin taga. Ya sauko ya lulluɓe hancin tsaf. Bargon da ɗuminsa, yanzu ta tashi daga ciki. Rana kuma ta faɗo a kai.

Hancin ya ɗauka bazara ta zo. Ya ce wa tukunya ta huta.

Na ɗaga kai. "Pani Genowefa, barka da asuba. Tun yaushe kike shanya bargo a nan?"

"Tun kana da gashi a kai."

"A Oktoba da Nuwamba fa?"

"Ina wurin 'yata, ta haihu. Me ya haɗa ka da bargona, tsohon banza?"

Na gaya mata. Ta saurara, hannu a ƙugu. Ta ce uwarta ta shanya bargo kowace safiya, kakarta ma haka, ko a lokacin yaƙi. Akwatin shi ne baƙo, shi zai matsa.

Gaskiyarta. Na sayi waya mita ashirin da kuɗin aljihuna. Na ari tsani a wurin mai gidan burodi. Shekaruna saba'in da ɗaya, na hau da kaina. Na kwance hancin, na zagaya da shi bangon arewa, inda rana ba ta zuwa, ba taga, ba bargo. Genowefa ce ta riƙe mini tsanin, tana faɗa tun daga farko har na sauko.

"In ka faɗo kar ka faɗo a kaina. Ba ni da wanda zai yi jinyata."

Daga ranar ba wanda ya sake buga ƙarfe. Na koma ƙirga tagogi. Uku. Biyu. Wata rana a Fabrairu, rana ƙwal a sama, ban ga ko ɗaya a buɗe ba. Na daɗe a tsaye a wurin.

Ranar Asabar ta jajiberin Ista, mutane sun dawo daga coci da kwandunan ƙwai da burodi, Waldemar ya sauko da 'yan kwamiti biyar. Genowefa ta biyo su, ba wanda ya kira ta. Na kunna fitila.

Bangon baƙi ne har ƙirjina. Ba layi, ba suna.

Waldemar ya ce, "Wataƙila tara shi ka yi a gefen nan."

Na miƙa masa shebur. "Tona, Shugaba."

Ya tona. Takalmin ya tashi daga aiki. Sai da ya kwashe abin da zai cika baro huɗu kafin harafin farko ya leƙo. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, tsohon ma'aunin kaya ne a tashar jirgi, ya zagaya tulin da ido ya ce rarar ta fi ta bara da tan huɗu, duk da ɓarnar Disamba. A sanyi biyu hancin zai fanshi kansa.

Genowefa ta ce, "Shugaba, ci gaba mana. Saura haruffa bakwai."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na karɓi shebur ɗina na jingine shi a wurinsa.

Da suka watse Waldemar ya tsaya yana kaɗe wando. Ya rage murya.

"To, Pan Bronislaw, ka yi nasara. Akwati ya zauna, kai ma ka zauna. Abu ɗaya. In kwal ya ja baya, ka sa tsumma ka goge rubutun nan. Ba sai kowa ya riƙa gani ba."

Na kashe fitila, na ɗauko makulli.

"A'a, Shugaba. Ba zan goge ba."